Aikin da Filasta Ke Rufewa: Yadda Masu Wayarin Ke Jan Waya Cikin Bango

Tsakanin makunnin da ke bakin ƙofar ɗaki da fankar da ke rataye a tsakiyar silin akwai tafiyar mita biyar ko shida, kuma duk cikin siminti ake yin ta. Waya ta hau bango, ta yi kwana ta shiga dakin, wato rufin kankare, ta ratsa tsakanin rodi, ta sauko daidai inda ƙugiyar fanka take. Ba da wayar a ciki aka yi ginin ba. Sai da aka gama jera bulo, aka zuba dakin, aka yi filasta, komai ya bushe, sannan mai wayarin ya zo ya zura ta ta wani rami da babban yatsa ke cikawa, ya fito da ita ta wani ramin can nesa, alhali ko taƙi ɗaya na hanyar bai gani da idonsa ba. Kayan da yake wannan aiki da su ba su cika ƙaramar jaka ba, amma kowanne akwai dalilin da ya sa aka yi shi da siffar da yake da ita.

Tun ran gini tun ran zane. Jan waya yana farawa ne watanni kafin a sayo wayar, ranar da ake shimfiɗa bututun roba, wanda masu sana'ar ke kira faif. Mai faɗin milimita 20 shi ne na yau da kullum, na fitilu da soket. Mai 25 kuwa na inda wayoyi suka yi yawa ko suka yi kauri. Ana sare bango da guduma da cizal, ko a tsaga layi biyu da giranda a ɓamɓare tsakiya, a kwantar da bututun, a kafe shi da ƙusoshi, ya ƙare cikin akwatin da aka binne daidai da fuskar filasta. Gwani ba ya bin yanke. Daga akwati, bututu ko dai ya miƙe sama sak, ko ya bi gefe a kwance. Ƙa'idar Birtaniya, wadda wayarin ɗin Nijeriya ya gada, ta kuma yarda a bi ta cikin milimita 150 daga silin ko daga kusurwar ɗaki. Amfanin haka shi ne, bayan shekara goma, wanda zai kafa ƙusar rataye agogo yana duban inda soket yake ya san layin da zai kauce wa.

A kwana ake gane hannun mutum. Akwai wani dogon sifirin na ƙarfe da aka yi shi daidai da cikin bututun. Mai wayarin yakan ɗaura masa igiya a gindi, ya zura shi har ya kai inda yake son lanƙwasawa, ya murza wurin da tsumma don robar ta ɗan yi ɗumi, sannan ya ɗora a gwiwarsa ya tanƙwara sannu a hankali, yana ɗan gusar da bututun don kada lanƙwasar ta taru wuri ɗaya. Yakan ɗan wuce inda yake so, domin roba tana ɗan komawa baya in an sake ta. Daga nan sai ya murɗa sifirin ya zaro shi. Aikin sifirin ɗin shi ne ya tokare bangon bututun ta ciki, kada ya lotse. Kuma kwanar dole ta zama mai faɗi: a ƙa'ida, zagayenta na ciki kada ya gaza ninki biyu da rabi na faɗin bututun, wato milimita 50 ga bututu mai 20. Mai son sauƙi takardar buhun siminti yake cinna wa wuta, ya gasa bututun, ya naɗe shi yadda ya ga dama. Daga waje ba laifi. Daga ciki kuwa ramin ya matse, ya yamutse, kuma ba mai sake ganinsa sai ranar da waya ta ƙi wucewa.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ba su cin minti guda. A kankare bakin bututu inda zarto ya yanka, don kada kaifinsa ya fere rigar waya. A shafa gam a kowace mahaɗa, don kada ruwan siminti ya tsiyaya ciki. A toshe kowane baki da takarda, saboda yashi, saboda filasta, saboda zanzaro, wanda bututun da aka bari a buɗe yake zame masa wurin ginin gidan laka. Ranar zuba dakin kuma za ka ga mai wayarin na ƙwarai yana tsaye a sama tun safe, ba ya ɗaukar kwano ba ya riƙe shebur, idonsa kawai yana kan bututun da ya ɗaure a jikin rodi. In lebura ya taka ɗaya ya fashe, ko baro ya kwance wata mahaɗa, nan take ya gyara kafin kankare ya rufe.

To, an gama gini, an zo jan waya. Ita waya ba ta turuwa. Tana da laushi, in ka tura ta mita ɗaya sai ta nannaɗe. Saboda haka sai an fara aika wani abu mai ɗan tauri ya gano hanya, sannan ya dawo da ita a bayansa. Wannan shi ne fishin tef, doguwar tsinkar da ke naɗe cikin zagayayyen gida na roba, mai ido ko ƙugiya a kanta. Iri uku aka fi sani. Akwai ta ƙarfe, shimfiɗaɗɗiya, faɗinta kimanin milimita 3, irin ƙarfen da ke komawa ya miƙe in an sake shi. Ita ce mai ƙarfin turawa a doguwar hanya. Akwai ta roba mai santsi, wadda kanta ɗan gajeren sifirin ne mai dunƙulen tagulla a baki, ita kuma gwanar shan kwana ce a ƙananan bututu. Sai ta zaren gilas, mai tauri amma ba ta ɗaukar wuta. Wannan bambanci na ƙarshe rai ne a kansa: tef ta ƙarfe in ta leƙa cikin akwatin rarraba wuta, wanda suke kira dibi, alhali da wuta a ciki, to wutar hannun mai turawa za ta biyo. Shi ya sa abu na farko shi ne kashe layi, a gwada da tasta, a tabbata janareta ko inbata ba su dawo da wutar ta bayan gida ba.

Ka tsaya ka kalli yadda gwani ke tura ta. Ba ya kama ta da nisa. Tazarar da ke tsakanin yatsunsa da bakin bututu ba ta wuce taƙi guda, domin in ta fi haka tef ɗin a waje za ta lanƙwashe, ƙarfin ba zai kai ciki ba. Turawa gajere-gajere, kansa a ɗan karkace, hankalinsa duk yana kan yatsunsa. In kan tef ya isa kwana, yakan ji nauyi mai laushi, irin wanda ke sakewa in an ɗan matsa. In ya daki bakin mahaɗa, yakan ji ƙas. Sai ya ja da baya kaɗan, ya murɗa tef ɗin rabin zagaye don kanta ya kalli wani gefen, ya sake turawa. In kuwa siminti ne ya daskare a ciki, bugun na daban ne, ba ya motsi ko an murɗa. A nan ne za ka ga wata dabara mai daɗin kallo: ya danne tef ɗin da babban yatsa daidai bakin bututu, ya zaro ta gaba ɗaya, ya shimfiɗa ta a kan bango bisa layin da ya san bututun ya bi. Inda kanta ya tsaya, nan toshiyar take. Sai ya fasa wurin da bai fi tafin hannu ba, ya yanke ɓangaren da ya toshe, ya sa sabon guntu. Wanda bai iya ba, rabin bangon zai farfasa yana lalube, mai gida ya sake biyan filasta da fenti.

Wani lokaci hanyar a buɗe take, amma tef ta gaji a kwana ta uku. Sai a ɗaura 'yan madaukai na zare a kanta a mayar da ita iya inda za ta kai, a zuro wata tef mai ƙugiya ta ɗaya bakin, a riƙa jujjuya ta har ƙugiyar ta kama zaren. Ana haɗuwa a tsakiyar bango, cikin duhu, da ji kawai. In kuma bututun dogo ne ƙwarai, kamar wanda ya taso daga gida zuwa get ta ƙarƙashin ƙasa, iska ake sawa aiki: a ɗaure guntun leda a bakin siririn zare mai ƙwari, a cusa a baki ɗaya, a kafa injin zuƙar ƙura a ɗaya bakin. Ledar ta kumbura ta toshe ramin, iska ta fizge ta, zaren yana warwarewa a guje. Da zaren ake jawo igiya, da igiyar ake jawo waya. Kafin wayar kuma, mai kula yakan fara jan ɗan tsumma ya share ruwa da yashin da suka kwanta a ciki. Wasu tun ranar shimfiɗa bututu suke barin siririyar waya a ciki don ta zama majanyi. Dabara ce mai kyau, sai dai in wayar ɗaurin rodi aka sa, tsatsa kan cinye ta kafin a zo aiki. Zaren roba ya fi ta daɗewa.

Kan tef ya leƙo. Yanzu sai ɗaurin kai, wanda a ganina shi ne wurin da ya fi kowane nuna tarbiyyar da mutum ya samu a hannun maigidansa. A ce wayoyi uku za su shiga, ja da baƙa da koriya, masu kaurin murabba'in milimita 2.5 na soket. Ba a haɗa su a cusa cikin idon tef gaba ɗaya, don ƙullin zai fi ramin girma. Ɗaya ake zaɓa ta zama jagora. A fere rigarta kamar santimita 10 zuwa 15, a zura jan ƙarfen cikin idon, a tanƙwaro shi baya, a murɗe shi a jikin kansa da filaya. Ta biyu a fere ta a naɗa a jikin ta farko, 'yar tazara a baya. Ta uku kuma a bayan ta biyu. Da haka kan yakan fara siriri ya riƙa kauri a hankali, babu wata kafaɗa da za ta tokare. Sannan a naɗe da baƙin salatif, kuma ko naɗin da gabas ɗinsa: daga jikin wayoyin ake farawa a nufi wajen tef, don gefen kowane zagaye ya kalli baya, kada ya kama bakin mahaɗa ya kwance. A ƙarshe a ɗan ninke bakin salatif ɗin, don a sami abin kamawa wajen warwarewa.

Ita ma wayar ba a zare ta daga naɗinta ta gefe, yana kwance a ƙasa. Kowane zagaye da aka zaro haka murɗa ɗaya ce ta shiga jikinta, kuma murɗar nan a cikin bututu za ta zama ƙulli. Ana zura guntun rodi ko faif cikin naɗe-naɗen, a ɗora a kan bulo biyu, su riƙa juyawa suna sakin waya a miƙe.

Ja aikin mutum biyu ne, kuma abin da baƙo ba zai zata ba shi ne, mai ciyarwa ya fi mai ja muhimmanci. Sau da yawa yaro ne ke can yana ja, maigidan yana bakin shiga. Yana tsefe wayoyin da yatsun hannu ɗaya don su shiga a jere ba tare da sun hau juna ba, yana tura su da ɗayan hannun daidai lokacin da aka ja. Ba sa ganin juna, bango ya raba su, sai murya. "Ja!" Yaro ya ja kamu ɗaya, ya tsaya. "Ja!" In yaron ya ce, "Maigida, ta cije," amsar ba ta taɓa zama ya ƙara ƙarfi. "Tsaya. Sako ta kaɗan." A dawo da ita taƙi biyu, a gyara zamanta, a sake gwadawa. Fizga haramun ce a wannan aiki.

Dalilin haramcin lissafi ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe bijimi da igiya ya san shi a jikinsa. Ƙato ba zai iya tsayar da bijimi da hannu ba, amma in ya zagaya igiyar sau biyu a gindin bishiya, yaro ma sai ya riƙe. Gogayyar igiya da bishiya ba ƙaruwa take ba, ninkuwa take da kowane zagaye. Masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da ƙa'idar wannan tun ƙarni na 18. Abin da ke taimakon makiyayi shi ne ke wahalar da mai wayarin, domin kowace kwana a bututu rubu'in zagaye ce a gindin bishiya. In waya a bushe take, ma'aunin gogayyarta ya kai 0.5, kwana ɗaya mai digiri 90 tana ninka nauyin ja sau biyu da ɗoriya. Kwana huɗu, sau 23. Jan da ya fara da nauyin kilo 2 zai fito yana neman kilo 46. In aka sa mata santsi ma'aunin ya sauko zuwa 0.2, kwana huɗun nan sau uku da rabi kawai za su ninka, wato kilo 7. Shi kuma jan ƙarfe yana da iyaka: ƙa'idar da aka saba bi a Turai ita ce kimanin kilo 5 ga kowane murabba'in milimita, ma'ana wayar 2.5 guda kada ta ɗauki fiye da kilo 12 da rabi. In aka wuce haka tana iya miƙewa ta sirance, rigarta ta kuje a kwana, kuma duk a inda ido ba ya kaiwa. Wayar intanet ta fi haka rauni. Kilo 11 ne iyakarta.

Daga wannan lissafi ne sauran dokokin suka fito. Dokar wayarin ta Amurka ta hana kwanonin da ke tsakanin akwati da akwati su haura digiri 360 in an tara su. In hanya ta fi haka karkacewa, sai a sa akwatin hutu a tsakiya, a ja zuwa nan, a sake ja daga nan. Gwani kuma yakan duba ta wane baki zai ciyar: bakin da ya fi kusa da kwanoni yake zaɓa, don wayar ta sha kwana tun nauyinta bai taru ba, kuma in akwai sama da ƙasa, daga sama yake ciyarwa. Game da santsi, akwai man jan waya na musamman, mai kama da kunu ko kakin zuma, wanda ba ya cin roba. In babu shi, hoda tana taimakawa. Abin da ba a sawa shi ne giris ko baƙin mai, domin suna iya lalata rigar waya a hankali; ruwan omo kuma in ya bushe yakan manne wayoyin da bututu, ranar canji a rasa yadda za a zare su.

Sai batun cikawa. Wayoyi uku ko fiye kada su cinye sama da kashi 40 cikin 100 na ramin bututu, inji wannan dokar ta Amurka. Mai gida kan ga bututu da sauran wuri ya ce a ƙara, a rage sayen faif. Amma filin da aka bari shi ne ke ba wayoyi damar gyara zama a kwana, kuma waya mai ɗauke da wuta zafi take fitarwa. In an cunkusa su, kowace tana gasa 'yar'uwarta. Akwai ma wani tarko da sai tsofaffin hannu: wayoyi uku masu kauri ɗaya, in faɗin ramin ya yi kusan ninki uku na kaurin kowace, suna iya jeruwa kafaɗa da kafaɗa a kwana su cije ƙam, alhali a miƙaƙƙen wuri suna wucewa lafiya.

Ba kowane bango ne na bulo ba. A Amurka yawancin gidaje firam ne na katako da aka rufe da allon farar ƙasa, cikinsu rami ne, sau da yawa ba bututu. Can sai kayan suka sauya: sanduna na zaren gilas masu ɗauruwa da juna, wasu ma suna haske cikin duhu, siririyar sarƙa da ake sakowa daga sama a kamo ta da maganaɗisu ta ƙasa, dogon bakin diril mai lanƙwasa da ke huda katako ta cikin ramin soket. Sandunan nan sun sami aiki a wurinmu tun da silin ɗin POP ya yawaita, don da su ake miƙa waya daga ramin fitila zuwa wani ba tare da an fasa ado ba. Manyan kebul kuma, irin na masana'anta da taransifoma, safa ake sa musu: saƙaƙƙiyar ragar ƙarfe da ake zura wa kan kebul, wadda ƙara janta ke ƙara matse ta. Edgar Kellems ne ya ƙera irin wadda ta shahara, 'yar'uwarsa Vivien Kellems ta kafa kamfanin sayar da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1920. Tsakanin safar da igiya ana sa wani ƙarfe mai juyawa don murɗar igiya kada ta shiga kebul, injin ja kuma yana da agogon da ke nuna nauyi, in ya kusa iyaka a tsaya.

Waya ta fito, amma aiki bai ƙare ba. Kan da aka ɗaura ya sha wuya, yanke shi ake a yar. A kowane akwati ana barin jela ta aƙalla santimita 15, don wanda zai ɗaura soket yau da wanda zai canza shi gobe su sami abin kamawa. Inda jajayen wayoyi biyu suka fito ta rami ɗaya, a yi wa ɗaya alama da salatif tun kafin a manta. In waya ta gaza, ba a yi mata ƙari a tura mahaɗin cikin bututu. A zare ta a sa cikakkiya, domin mahaɗi wurinsa akwati, inda za a iya buɗewa a duba. Masu hangen nesa sukan ja zare ɗaya tare da wayoyin su bar shi a ciki, saboda ranar da mai gida zai sa sola ko kyamara.

Abu na ƙarshe shi ne awo, kuma shi aka fi tsallakewa. Tasta da kwan fitila suna nuna wuta ta iso ne kawai, ba sa nuna ko riga ta kuje a cikin bango. Wannan sai na'urar da ake kira mega, wadda ke tura bolt 500 tsakanin waya da waya, da tsakanin waya da layin ƙasa, tun kafin a haɗa kayan wuta. A ƙa'idar Birtaniya, abin da ta nuna kada ya gaza megohm 1, kuma sabon aiki mai kyau yakan wuce haka nesa ba kusa ba. A Nijeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. In kana gini, ka nemi ganin takardar, ka je wurin kafin a yi filasta, ka ɗauki hoton kowane bango da bututunsa a fili, ka ajiye. Ranar jan waya kuma kada ka tsaya a kansu kana ƙirga awa, sannan kada ka biya cikon kuɗi sai an sa mega a gabanka.